Katin da Ya Fita Yawo

Kafin in gama shan kofina na safiyar Asabar, mutum uku sun riga sun gaya mini cewa Gus Wojcik ɓarawo ne. Kowannensu ya sassauta murya, kowannensu ya ce kada in ce daga bakinsa na ji, kuma kowannensu ya ƙara wani abu da na bayansa bai sani ba. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, na san yadda labari yake ƙiba a hanya. Sai na kulle akwatin gilashina, na roƙi maƙwabcina ya sa mini ido a kan teburi, na tafi neman Odessa.

Ga abin da ake faɗa. Vince Tarantola ya zo baje kolin bana a Cleveland da katin ɗan wasan besbol Clete Varnado na shekarar alif ɗari tara da hamsin da uku, wanda ya samo a kayan wani mamaci a Akron. Kati ne mai kyau, launinsa bai koɗe ba, sai dai kusurwoyinsa sun ɗan dakushe kamar na duk katin da ya taɓa kwana a aljihun yaro. Da yammacin Juma'a wani mai saye ya ce ba zai biya ba sai an tantance. Vince ya kai wa masu tantancewa da ke ƙarshen zaure, suka dawo masa da shi babu maki. Sun ce an yi masa aski, wato an bi gefunansa da reza an rage su don kusurwoyin su fito da kaifi. Askakken kati a wurinmu gawa ne. Vince ya rantse ba katinsa ba ne wannan, sauya masa aka yi.

Mu masu sayar da tsofaffin katunan besbol muna da wata al'ada. In kana da mai saye a can wani layi, sai ka zo wurin abokin sana'a ka ce, "Bari in kai wannan yawo." Ya buɗe gilashi ya miƙo maka. Babu rubutu, babu jingina. Ko ka dawo da kuɗi, ko ka dawo da kati. Marigayi mijina ya taɓa miƙa wa wani katin da ya fi motarmu daraja, bai ko ɗago kai daga abincinsa ba.

Ranar Juma'a katin Vince ya fita yawo da mutum uku: Gus, da wani matashi Tyler Brandvold, da Merle Hostetler. A cikinsu kowa ya san Gus ne yake da askakken Varnado, wanda ya shekara arba'in yana ajiye a kusurwar akwatinsa, yana nuna wa sababbin shiga don su gane yadda aski yake. Da aka leƙa akwatin kuwa, babu shi.

Manajan baje kolin ya ba Gus wa'adi zuwa tashin kasuwa ranar Lahadi. In bai wanke kansa ba, teburinsa na layin farko a bakin ƙofa ya tafi ke nan, kuma ba zai sake shigowa zauren da kaya ba.

*

Odessa Tillman ta yi aikinta ne a kamfanin inshora a Toledo, tana bin sawun kayan da masu su suka ce sun ɓace. Ta taɓa gano wani fiyano a jiha ta uku. Tun da gwiwa ta ƙi ta, a kan keken lantarki take yawo, tana taka ƙafar duk wanda bai kauce ba. Katunan da suka sha wuya kawai take saye, masu hudar ƙusa, masu tabon cingam, masu gashin baki da wani yaro ya zana da biro. Ta ce su ne kaɗai suka yi rayuwa.

Na same ta tana tonon kwalin katuna masu arha.

"Malama Lorraine," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Kin zo ki ce mini Gus bai yi ba."

"Na zo in ce ban sani ba."

"To yau kin fi kowa hankali a zauren nan. Riƙe mini jakar."

"Ni 'yar aikinki ce?"

"Ke ce mai ƙafafu. Ni ce mai ido. Mu je."

*

Gus yana zaune a bayan teburinsa da hular nan tasa da ta daɗe da mutuwa. Layin farko ne, jama'a na ta kwarara, amma gaban teburinsa fili fetal. Ina tsaye na ga wani da Gus ya koya wa sana'a da hannunsa ya wuce yana kallon rufi.

"Gus, ina askakkenka?" in ji Odessa.

"Ba ya nan."

"Na ga ba ya nan, tsoho. Ina ya tafi?"

"Inda na ga dama."

Na ce, "Haba Gus, a kan teburinka fa ake magana."

Ya cire tabarau ya goge a riga. "Lorraine, na binne abokai da yawa daga zauren nan. Babu akwatin da ban taɓa sa hannu a ciki ba. In duk wannan bai isa shaida ba, bakina ne zai isa? Ba zan tsaya gaban manajan da na girmi ubansa ina bayani ba."

"Wa ka kai wa katin Vince?"

"Wani likitan haƙori. Ya ce ya yi tsada. Na dawo da shi kafin kofina ya huce."

Odessa ta juya kekenta. Da muka yi nisa ta ce, "Taurin kai ba laifi ba ne, amma wannan tsohon ya kusa mai da shi."

*

Vince ya ɗora katin a kan baƙin ƙyalle kamar wanda ya kawo gawa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da saurin fushi, fuskarsa ta yi ja tun jiya ba ta sauka ba.

"Ku duba! Wannan ne katina? Ni na san katina kamar yadda na san 'ya'yana."

"'Ya'yan naka nawa ne, Vince?" in ji Odessa.

"Huɗu."

"Biyar ne, na je bikin ta ƙarshen. Ba ni nan."

Ta fitar da ɗan madubinta mai ƙara girman abu. Duk wanda ya ɗauki katin nan tun jiya kusurwa yake dubawa, domin haka aka koya mana: kusurwa, sai daidaiton hoto, sai fuska. Ita kuwa ta tsayar da shi a kan gefe, ta bi kaurin takardar da ido a hankali, sannan ta miƙo mini madubin.

"Me kika gani, Malama?"

"Fari."

"Fari yaya?"

"Fari tas, kamar cikin sabon burodi."

"Kin taɓa riƙe askakken Gus?"

Na taɓa, ba sau ɗaya ba. Wani yaro ne ya yanke shi da almakashin uwarsa tun kafin a haifi Vince, kuma gefensa ya yi ruwan toka da tsufa kamar sauran jikin katin. Na faɗa mata haka.

"To wannan askin bai kwana uku ba," in ji ta.

Vince ya ce, "Ai sai Gus ya sayi wani ya aske!"

"Zai iya. Kai ma za ka iya."

Ta zaro katin daga gidansa na roba mai tauri, tana riƙe da shi cikin siririyar ledarsa. Na ga ta juya shi, ta ɗan tsaya, ta mai da shi. Sannan ta sa Vince ya buɗe mata sauran katunansa, ta yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Ka saba kai kati tantancewa?"

"Ni? Jiya ne na farko. Kuma na ƙarshe."

*

Ni dai zuciyata tana kan Tyler. Yaron nan ba ya sayar da kati sai da waya a gaban fuskarsa, yana ihu kamar mai tallan mota, kuma "Kaka" yake ce mini, alhali ban ba shi izini ba.

"Kaka! Anti Odessa! Ku gaida jama'ata, muna kai tsaye!"

"Sauke wayar nan kafin in taka ta," in ji Odessa. "Ina ka kai katin Vince?"

"Ban kai shi ko'ina ba fa. Hoto kawai na yi da shi a can wurin fitila, mutane su gani. Vince ya sani."

"Ba ka da mai saye, amma ka ce za ka kai shi yawo?" in ji ni. "Ka san abin da kalmar take nufi kuwa?"

Ya sosa ƙeya. "To ai ya yi yawon, Kaka."

Odessa ta sa ya nemo hoton, ya buɗe shi da yatsu har fuskar Varnado ta cika wayar. Kusurwoyi dakusassu ne a nan, ba a taɓa su ba tukuna. A gefen kunnen hagu akwai ɗan ɗigon tawada ja, irin kuskuren injin buga takarda, wanda ba ka samunsa iri ɗaya a kati biyu.

"Kin ga ɗigon nan ɗazu?" ta tambaye ni.

Na gani. Yana nan a kan wanda ke kwance a baƙin ƙyallen Vince.

"Ashe ba a sauya komai ba," in ji ni. "Katin da ya fita shi ne ya dawo."

"Yawwa. Zaure guda yana neman ɓarawo, ba a saci komai ba."

"Amma wane mahaukaci ne zai aske katin da ba nasa ba, ya mayar?"

"Wanda bai yi niyyar mayarwa ba."

*

Merle Hostetler ya tarbe mu da fara'a. Dattijo ne mai sanyin murya daga karkarar Indiana, ba ya rantsuwa, ba ya sayen abincin zaure, kuma shi ne yake tattara gudummawa duk lokacin da wani cikinmu ya kwanta asibiti. Muka same shi zai ci burodi da cuku da ya ƙunso daga gida. Ya yanka mana. Ya ɗauko takardar goge hannu guda ɗaya, ya ninke ta, ya bi ninkin da farce, ya raba ta biyu daidai, ya ba ni rabi ya ba Odessa rabi.

"Merle, ba za ka mutu da talauci ba," in ji Odessa.

"Rabi yana yin aikin guda, 'yar'uwa." Ya yi ajiyar zuciya. "Abin Gus ɗin nan ya hana ni cin abinci. Tsufa ne, ina ga. Bai kamata a tsananta masa ba."

"Kai wa ka kai wa katin?"

"Wani baƙo daga Texas. Ya ce in jira shi a wurin motoci, ya daɗe bai fito ba, da ya fito kuma ya canja ra'ayi. Kin san su."

"Na san su," in ji ta, tana cin burodinta. Har ta yaba cukun.

*

A ƙarshen zaure masu tantancewa suna zaune a bayan gilashi da fitilunsu. Odessa ta ratsa layi da kekenta kamar motar asibiti, ta tsaya gaban wanda ya duba katin Vince.

"Ba ma faɗin wanda ya kawo kati, Madam."

"Ban tambaye ka ba, ɗana. Varnado na hamsin da uku, ba kullum kake ganinsa ba. Ka daɗe kana duba na Vince?"

"A'a."

"Kati irin wannan, ka ɗauka ka ajiye? Ko dai ka riga ka gaisa da shi da rana?"

Ya dubi fitilarsa. Ya gyara abin da bai karkace ba.

"Madam, akwai mutane a bayanki."

"Na gode, ka taimaka," in ji ta.

A hanya ta warware mini. Wani ya karɓi katin da sunan yawo, ya aske shi, ya kawo nan da sunansa. In ya wuce da babban maki, darajarsa ta ninka sau da yawa, sai ya koma wurin Vince ya ce mai sayensa ya amince, ya biya tsohon farashi. In bai wuce ba, ya mayar da shi gidansa na roba ya ce baƙo ya fasa. Caca ce da katin wani.

"To wane ne?" in ji ni. "Tyler ya yi hoto kafin aski, amma wa ya ce bai aske bayan hoton ba?"

"Kin tsani yaron nan."

"Kaka yake ce mini."

"Ai kakar ce. Gobe da hantsi ki tara mini su a teburin Vince, har da manaja."

*

Suka taru. Gus sai da na je na jawo shi da hannu. Wasu masu tebura kusa suka bar cinikinsu suka matso, suna yi kamar ƙura suke karkaɗewa.

Odessa ta shimfiɗa katuna uku daga tarkacenta, ɗaya ma an zana wa ɗan wasan ƙaho.

"Kafin mu fara, ku taimaki tsohuwa. Ina so in kai waɗannan tantancewa, hannuna rawa yake yi. Kowa ya shirya mini ɗaya."

Aka yi dariya. Vince ya ce, "Odessa, wannan maki nawa za a ba shi, ɗan akuya?"

"Kai dai ka yi shiru, kai ne mai gawa."

Gus ya zura nasa a leda ya tura mata. "Ga shi. Ni ban taɓa kai kati a ba shi maki ba. Ba ɗan makaranta ba ne."

Masu yawan kai kati tantancewa suna da wata dabara. Sukan manna 'yar takarda mai gam a bakin ledar, mu kan ce mata wutsiya, don mai dubawa ya ja ta ya zaro katin ba tare da ya taɓa kusurwa ba. Wanda ya saba, hannunsa ne yake yi, ba kansa ba. Tyler ya zaro wutsiya shuɗiya daga jakarsa ya manna ta guda, har da sunansa a jiki.

Merle ya sa katin a leda a hankali, kamar mai sa wa jariri riga. Ya laluba aljihun gaba ya fito da ɗan kundin wutsiyoyi ruwan goro. Ya ɓare ɗaya, ya ninke ta a tsaye, ya bi ninkin da farce, ya raba ta biyu. Rabi ya manna a leda, rabi ya mayar kan kundin.

"Vince," in ji Odessa, "zaro Varnado daga gidansa, ka juya mana bayan ledar."

Vince ya zaro, ya juya. A bakin ledar, an lanƙwasa ta baya ta kwanta, ga rabin wutsiya ruwan goro, yagaggiya a tsaye.

"Kai ka sa ta?"

"Ni ban ma san tana nan ba."

"Babu ko ɗaya a sauran katunanka, na duba. Mutum nawa suka riƙe katin nan da madubi tun Juma'a? Kowa kusurwa. Ba wanda ya kalli leda."

Merle ya yi murmushi. "'Yar'uwa, masu wutsiya ruwan goro a zauren nan ba sa ƙirguwa."

"Gaskiya ne. Mai raba ta biyu fa?" Ta juya wurin manaja. "Ni masu tantancewa ba za su gaya mini wanda ya kawo musu Varnado da ranar Juma'a ba. Kai za su gaya maka. Mu je tare, ko Merle zai rage mana tafiya?"

Merle ya dubi rabin wutsiyar da ke kan kundinsa. Ya shafa ta da babban yatsa ta kwanta sosai, ya mai da kundin aljihu.

"Da ya wuce," in ji shi a hankali, "da na biya Vince duk abin da ya nema. Da ba wanda ya yi asara."

"Ka yanka mini kati!" Vince ya yunƙuro, sai da Tyler ya jefar da waya ya riƙe shi. Ban taɓa ganin yaron nan ya saki wayarsa ba sai ranar.

"Kuma ka zauna kana cin burodi ana kiran Gus ɓarawo," in ji ni. "Har kana nema masa sassauci."

Manaja ya kama gwiwar hannun Merle suka nufi ofis.

Gus ya gyara hularsa zai tafi. Vince ya tsaya yana haki. Ba mutumin da ya iya ba da haƙuri ba ne. Can sai ya buɗe akwatinsa, ya ɗauko mafi tsadar abin da ya rage masa, ya miƙa.

"Gus. Kai wannan yawo."

"Ba ni da mai saye."

"Kai shi dai."

Gus ya karɓa. Ya sa shi a aljihun rigarsa, ya bi layin farko a hankali har ƙarshe, ya zagayo ta na biyu, kowa yana kallo. Odessa kuwa ta riga ta koma kan kwalin katuna masu arha, tana faɗa da mai shi a kan wani kati da ɓera ya ci.

*

Da yamma ana naɗe tebura na kai wa Gus kofi. Yanzu da ba wanda yake tilasta masa, na tambaye shi sau ɗaya inda askakkensa ya tafi, ya faɗa mini.

Gus Wojcik bai sauya katin kowa ba. Katin Vince ne ya fita, shi ne ya dawo, kuma Merle Hostetler ne ya aske shi da ranar Juma'a a cikin motarsa. Askakken Gus yana wurin wani tsoho mai jan tukunyar iskar numfashi, wanda ya tsaya a teburinsa ranar Alhamis ya ce irinsa ya taɓa maƙalawa a tayar kekensa don ta riƙa ƙara, yana yaro. Gus ya rubuta "an aske" a bayansa da biro, ya ba shi kyauta.